Keken Tseren Kwalta ko na Taɓo: Wanne Zai Kai Ka Wurin Aiki?

Duk wanda ya leƙa rumfar masu sayar da kekunan hannu da ake shigowa da su daga Turai zai ci karo da wasu kekuna biyu da ido ba ya saurin rarrabe su. Dukansu suna da siririn firem, da manyan ƙafafu marasa nauyi, da kai mai lanƙwasowa ƙasa kamar ƙahon rago. Ɗaya an ƙera shi don tsere a kan kwalta. Ɗayan kuma don wani tsere ne na lokacin sanyi da ake kira saikulokuros, wanda ake yi cikin taɓo da yashi da jiƙaƙƙiyar ciyawa, a taƙaice mu kira shi keken kuros. A biranen Ingila da Amurka da Kanada, inda mutum kan zauna kilomita goma ko ashirin daga wurin aikinsa, an daɗe ana ja-in-ja a kan wanne ne cikin biyun ya dace da zirga-zirgar kullum. Tambayar ta fara shafarmu mu ma tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ma'aikata da ɗalibai suka koma duba keke da idon rahama. Matsayina a nan shi ne: ga mafi yawan masu zuwa aiki keken kuros ya fi, amma ba don ya fi ƙarfi ko ya fi kyau ba. Ya fi ne saboda wani abu da mai saye ba ya cika dubawa, wato ɗan filin da ke tsakanin taya da firem.

Kafin a kai ga nan, ya kamata a amince da cewa babu ɗaya daga cikinsu da aka yi wa ma'aikaci. Keken kwalta amsa ce ga tambaya guda: yaya mutum mai ƙarfi zai yi tafiyar awa biyar a kan lafiyayyiyar hanya cikin mafi ƙarancin lokaci? Komai na jikinsa daga nan ya fito. An sunkuyar da mahayi don ya rage karo da iska. An rage nauyi har sai da hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta kafa doka a shekarar 2000 cewa keken gasa kada ya gaza kilo 6.8. An matso da ƙafar baya kusa da firem don keken ya amsa da zarar an taka feda. Tayar kuwa, shekaru da dama faɗinta milimita 23 ne, bai kai kaurin babban yatsa biyu ba, kuma birkin da ke kama rim an yi shi daidai da wannan siririyar taya. Ɗan tsere bai damu da faci ba, domin motar ƙungiyarsa na biye da shi da wata ƙafar a shirye. Bai damu da ruwan da taya ke fesa masa ba, domin yana sauka zai yi wanka.

Tseren kuros labarinsa daban. Ya samo asali ne a Faransa a farkon ƙarni na 20, lokacin da 'yan tseren kwalta ke neman abin da zai riƙe musu ƙarfin jiki a watannin sanyi, suka shiga ratsa gonaki da dazuzzuka, suna sauka su ɗauki keken idan sun tarar da shinge ko rafi. Wani sojan Faransa mai suna Daniel Gousseau ake danganta wa shirya gasar ƙasa ta farko a 1902, kuma Octave Lapize, wanda ya lashe Tour de France a 1910, ya alaƙanta nasararsa da wannan atisaye na hunturu. Gasar duniya ta farko an yi ta a Paris a 1950, Jean Robic ya lashe. A yau gidan wasan shi ne Beljiyam, musamman yankin Filandas, da maƙwabciyarta Holan, inda dubban mutane ke tsayuwa cikin sanyi da takalman roba don kallon irin su Wout van Aert da Mathieu van der Poel. Fagen gajere ne, zagaye ɗaya kilomita biyu da rabi zuwa uku da rabi, ana maimaita shi har kimanin awa guda. A wuri irin Koksijde, inda fagen ya ratsa tuddan rairayi na bakin teku, za ka ga mahayi ya shigo yashi da gudu, ƙafar gaba na lilo hagu da dama, yana bin sawun wanda ya gabace shi. Da zarar keken ya fara nutsewa sai ya wurga ƙafar dama ta bayan sirdi, ya diro yana gudu, ya cusa hannu ta tsakiyar firem ya saɓa keken a kafaɗa, ya haye tudun a guje, sannan ya daka tsalle ya koma kan sirdi ba tare da ya tsaya ba. Ranar da aka yi ruwa kuwa, laka kan cika keken cikin zagaye ɗaya, sai mahayi ya miƙa shi ga makanikansa ya karɓi wani wankakke yana cikin tafiya.

Wannan wahala ce ta tsara keken. Tunda laka na manne wa taya tana ƙara mata kauri, dole a bar fili mai yawa a fok na gaba da sandunan baya, in ba haka ba ƙafar za ta cije. Birkin keken kwalta ba ya barin wannan fili, shi ya sa aka daɗe ana amfani da wani birki mai hannuwa biyu da ke buɗewa gefe da gefe, kafin UCI ta halatta birkin faifai a wannan wasa a 2010, shekaru takwas kafin ta kammala halatta shi a tseren kwalta. An ɗan tsawaita tazarar ƙafar gaba da ta baya don keken ya natsu a ƙasa mai santsi. An rage girman giya, haƙora 46 da 36 a gaba maimakon 53 da 39 na tsohon keken kwalta, domin ba a gudun kilomita 60 a awa cikin caɓi. Dokar gasa ta tsayar da faɗin taya a milimita 33, amma saboda filin da aka bar wa laka, yawancin waɗannan firem suna ɗaukar tayar 35, wasu har 38 ko 40. Masu ƙera su ba su yi tunanin malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti ba, amma abin da suka bari don taɓo shi ne ainihin abin da ma'aikacin ke bukata.

Dalili kuwa shi ne, hanyar zuwa aiki ba a auna ta da mafi kyawun ɓangarenta. Mutum na iya samun kilomita tara na sabuwar kwalta, amma mita ɗari biyar na farko daga ƙofar gidansa lungu ne mai yashi da duwatsu, akwai kuma wani wuri da aka yanka titi don binne bututu ba a gyara ba, da wani inda motar haya za ta matse shi dole ya sauka gefen titi inda kwalta ta gutsure. Keken kwalta zai yi daɗi a kilomita taran nan, amma a sauran wuraren ne ake yin faci, a nan rim ke lanƙwashewa, a nan ake faɗuwa. Kuma ɗan tsere yana zaɓar ranar fita da hanyar da zai bi, shi kuwa ma'aikaci agogo ne ke fitar da shi, ko an kwana ana ruwa, ko duhun asuba ya ɓoye masa rami. Haka abin yake a Landan, inda sanyi ke farfasa kwalta kowace shekara, balle a garuruwan da damina ɗaya ke iya mayar da layi kwazazzabo. Ga kuma wani lissafi mai sauƙi da ya isa ya raba gardamar: kekunan biyu girman ƙafarsu ɗaya ne, rim mai faɗin milimita 622 da ake rubuta wa 700C. Kana iya sa siririyar taya a keken kuros ya koma kusan keken kwalta. Ba ka iya sa faffaɗar taya a tsohon keken kwalta, domin za ta goge birki ko firem tun tana milimita 28, a wasu ma tun 25. Ɗaya ya bar maka zaɓi, ɗayan ya yanke maka hukunci tun daga masana'anta.

Me ya sa milimita goma kacal ke da wannan muhimmanci? Saboda iskar da ke cikin taya ba ta ƙaruwa daidai da faɗi, tana ƙaruwa ne da faɗin sau kansa. Tayar 35 tana ɗauke da kusan ninki biyu na iskar da ke cikin tayar 25. Siririyar taya ba ta da zurfin da za ta lotsa, don haka dole a cika ta tam, a kai ta wajen 100 a ma'aunin masu faci, alhali tayar ƙaramar mota 30 da ɗoriya take sha. In iskar ta ragu kaɗan, kuma siririn tif yana rage iska cikin 'yan kwanaki ko babu huji, to ranar da ka daki bakin rami taya za ta lotsa har ƙasa, rim ya datse tif ya bar huji biyu gefe da gefe. Wannan faci ba ƙusa ke jawo shi ba, ƙarancin fili ne. Tayar 35 kuwa tana tafiya lafiya a 50 zuwa 60, tana haɗiye tsakuwa maimakon ta yi tsalle a kanta, tana shimfiɗuwa a kan yashi maimakon ta yanka shi ta nutse. Sannan akwai gurbin sa mata sulke. Tayoyin da aka yi don masu zuwa aiki, irin Marathon Plus ta kamfanin Schwalbe na Jamus, suna da shimfiɗar roba mai kaurin milimita 5 a ƙarƙashin fatarsu, wadda ke tare gutsuren kwalba da ƙayar tsidau kafin su kai ga tif. A faffaɗar taya wannan ƙari ba ya damun tafiya sosai. A siririya, wadda dama can ba ta da laushi, yana mayar da hawan azaba.

Babbar hujjar masu son keken kwalta ita ce gudu, kuma hujja ce da ta cancanci a tsaya a kanta, domin wanda ke tafiyar kilomita goma sha biyar safe da yamma yana da haƙƙin ƙin ɓata minti ko ɗaya. Sai dai tsohon imanin cewa siririyar taya mai tauri ita ce mafi gudu ya rushe a hannun 'yan tseren kansu. Gwaje-gwajen da Jan Heine da mujallarsa Bicycle Quarterly suka yi a kan hanyoyi na gaske sun nuna cewa taya mai tauri a kan hanya mai gargada tana jijjiga keke da mahayi, kuma wannan jijjiga ƙarfi ne da ke salwanta a jikin mutum. Yana jin kamar yana gudu, agogo kuwa bai yarda ba. Shi ya sa ƙwararru suka bar 23 suka koma 25, sannan 28 da 30. A Paris-Roubaix, tseren da ake yi tun 1896 wanda ke ɗauke da fiye da kilomita 50 na tsohuwar hanyar duwatsu, manyan mahaya yanzu tayar 30 zuwa 32 suke hawa, wato sun iso ƙofar faɗin tayar kuros. Ba kuma abin mamaki ba ne cewa van der Poel, ɗan gidan taɓo, shi ya lashe wannan tsere a 2023 da 2024 da 2025. Abin da ya fi cin ƙarfin mahayi a shimfiɗaɗɗiyar hanya iska ce, kuma jikinsa ne ke tare mafi yawanta, ba keken ba. Tunda kekunan biyu kai iri ɗaya gare su, mai keken kuros na iya sunkuyawa kamar kowa idan iska ta taso masa ta gaba.

Saura batun nauyi. Keken kuros kan ɗara takwaransa na kwalta da kilo ɗaya zuwa biyu, kuma a shago, inda ake ɗaga keke da hannu ɗaya, bambancin yana ruɗar mai saye. Amma ba keke kaɗai ake turawa ba. Mutum mai kilo 70 da jaka mai kilo 5 da keke mai kilo 9 sun tashi 84, ƙarin kilo ɗaya da rabi bai kai kashi 2 cikin ɗari ba, kuma a hanyar da ba hawa ba ma a jin sa sai wajen tashi daga tsayuwa. Wani likita a Ingila, Jeremy Groves, ya gwada wannan a kan kansa ya wallafa sakamakon a mujallar likitoci ta BMJ a Disambar 2010. Yana zuwa aiki daga Sheffield zuwa Chesterfield, kimanin kilomita 43 zuwa da dawowa, yana da tsohon keken ƙarfe mai kilo 13.5 da ya saya fam 50, da sabon keken kabon mai kilo 9.5 da ya saya fam 1,000. Kowace rana sai ya jefa kwabo sama ya zaɓi wanda zai hau. Bayan tafiya 56, matsakaicin lokacin kowane keke ya tsaya a wajen awa 1 da minti 48, bambancin kusan rabin minti ne, kuma mai nauyin ne ma ya ɗan riga. Gwajin mutum ɗaya ne, an kuma buga shi a fitowar Kirsimeti da mujallar ke sassauta fuska, don haka ba za a ɗora masa abin da bai ɗauka ba. Amma ya nuna abin da kowane mai shiga gari ya sani, cewa danja da cunkoso da mahaɗar hanya ne ke yanke lokacin isa. Ko da an yi wa keken kwalta kyauta aka ce yana tafiya kilomita 24 a awa ɗayan yana 22, a kilomita goma ribar minti biyu ce da 'yan daƙiƙu. Faci ɗaya a gefen titi, da tura keke zuwa wurin mai gyara, ya cinye ribar mako guda ya bar ka da bashi. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Wannan fili da ake magana a kansa yana da amfani na biyu, wanda wataƙila ya fi na farko tasiri a kan ko mutum zai ɗore da hawan keke ko zai jingine shi bayan wata biyu. Madigadi yana bukatar gurbi a saman taya. Keken da ba shi da madigadi yana zana wa mahayinsa layin ruwan kwata daga ƙugu zuwa ƙeya, yana kuma watsa yashi a sarƙa da giya, su ci juna su ƙare da wuri. Ba sai ana ruwa ba, ya isa a ce an yi jiya. Ma'aikacin da ya shiga ofis sau biyu da rigar da ta ɓaci zai nemi wata hanyar zuwa. Haka nan kaya: jakar goyo tana toshe baya, gumi ya jiƙe riga, kuma a ƙasa mai zafi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kariya a bayan keke, da jaka rataye a gefenta, tana sauke wannan nauyi daga jikin mutum. Tsawon sandunan baya na keken kuros yana hana diddige dukan jakar a kowane taku, abin da ke yawan faruwa a gajeren bayan keken kwalta, in ma an samu wurin ɗaura kariyar.

To amma a nan dole a yi wa keken kuros nasa hisabin, domin ba kowane mai wannan suna ne ya dace ba. Na gasa zalla, wanda aka yi don tseren awa ɗaya, sau da yawa ba shi da ramukan notin da ake ɗaura madigadi da kariya, wasu tsofaffin ma ba su da wurin gorar ruwa, saboda gora tana hana saɓa keke a kafaɗa. Gindin fedarsa ya ɗan fi tsawo daga ƙasa, sirdi ya ƙara sama, wanda ke nufin sai ka miƙe yatsu kafin ka taɓa ƙasa a duk tsayuwa. Tsohon birkinsa mai hannuwa biyu yana da wuyar saiti, kuma in ba a saita shi daidai ba yakan yi ƙara, fok ya riƙa rawa idan an matse shi da ƙarfi. Mafi muni, ƙafafun gasa kan zo da irin tayar da aka ɗinke tif a cikinta aka manne ta a rim da gam, wadda ba ta ciruwa a yi mata faci a bakin hanya. Wanda ya sayi wannan ya sayi wahala da kuɗinsa. Abin nema shi ne ɗan'uwansa mai sauƙin kai da kamfanoni suka fitar bayan sun lura da waɗanda ke sayen kekunan nasu a zahiri, irin Cross-Check na Surly da Jake na Kona da Tricross na Specialized, masu ramukan noti gaba da baya. Sannan ko wanne aka saya, tayar da ya zo da ita mai ƙuraje ba ta kwalta ba ce. Tana gurnani, tana jan ƙafa, ƙurajen na cinyewa da wuri, kuma a jiƙaƙƙiyar kwana tana zamewa fiye da taya mai santsi. Yawancin waɗanda suka gwada keken kuros suka ce ba ya gudu, tayar suka gwada. A cire ta a sa mai sumul ta 32 ko 35, keken ya canza hali.

Wani zai ce duk wannan tsohon zance ne, tunda sabbin kekunan kwalta masu birkin faifai suna ɗaukar tayar 32 har 35, ga kuma sabon nau'in da aka yi don hanyar burji, wanda ya yi ƙarfi har UCI ta fara masa gasar duniya a Italiya a 2022. Gaskiya ne, kuma wanda ke da kuɗin sabon keke ya duba keken burjin kafin na kuros, domin ya fi ƙasa-ƙasa, ya fi natsuwa, ya fi yawan wuraren ɗaura kaya. Sai dai wannan bai karya hujjar ba, tabbatar da ita ya yi: masana'antar gaba ɗaya ta taho inda keken kuros ya daɗe yana tsaye. Kuma kasuwar hannu tana bayan shago da shekara goma zuwa ashirin. Abin da Bature ya gaji da shi ya sayar, shi ke cika kwantena, kuma mafi yawansa na zamanin siririyar taya ne.

Akwai kuma wanda zai tambaya, me ya kai mu ga kekunan tsere tun farko? Mutanen Holan, waɗanda kekunansu suka fi su yawa, kuma fiye da rubu'in tafiye-tafiyensu a keke suke yi, ba sa zuwa aiki da keken van der Poel. Baƙin keke mai nauyi suke hawa, a zaune cak, da madigadi da kariya da rufaffiyar sarƙa, ɗan'uwan Raleigh da Phoenix ɗin da iyayenmu suka sha kai buhu kasuwa da su. Wannan tambaya tana da ƙarfi, kuma ga wanda tafiyarsa ba ta wuce kilomita biyar a shimfiɗaɗɗen gari ba, ita ce ma amsar, musamman a inda ƙurar hunturu ke haɗuwa da mai ta zama abin goge sarƙar da ke buɗe. Amma biranen Holan a dunƙule suke, da hanyoyin keke na musamman. Da zarar nisa ya kai kilomita goma ko fiye, ko akwai hawa, ko iska na bugowa ta gaba, zaman cak da nauyin kilo ashirin da giya ɗaya sukan fara karɓar harajinsu. Lanƙwasasshen kai yana ba hannu wurare uku ko huɗu na kamawa, kuma wanda ke awa guda a kan keke kullum ya san darajar canza wa wuyan hannu wuri. Keken dutse kuwa, wanda ya cika kasuwanninmu, ya wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, da tayoyi masu kauri da ƙuraje da sifirin na gaba mai nauyi wanda a masu araha ba ya daɗewa yake sandarewa.

Inda keken kwalta ke da gaskiyarsa shi ne wajen mutumin da hanyarsa doguwa ce, lafiyayya daga ƙofa zuwa ƙofa, ba ya ɗaukar kaya, yana da wurin wanka da sauya tufafi a wurin aiki, kuma ranar hutu yana fita gudu da 'yan ƙungiya. Akwai irin waɗannan mutane, kuma sauƙin da keken ke tashi a ƙarƙashinsu daɗi ne na gaske wanda ba a raina shi, tunda keken da mutum ke marmarin hawa shi ne zai hau. Amma sharuɗɗan sun yi yawa, kuma ɗaya ya faɗi sauran ba sa tsayuwa.

Ga mai saye a Kano ko Maraɗi akwai ƙarin abin lura da bai dami na Landan ba, wato wanda zai gyara. Kekunan biyu galibi suna zuwa da siririn bawul mai ɗan noti a kai, wanda bakin injin mai faci ba ya kama shi, sai da wani ɗan ƙaramin ƙarfe da ake murɗawa a kansa ko famfon hannu na musamman, don haka a nemi wannan tun ranar ciniki. Tayar tsohon baƙin keke da ake rubuta wa 28 ba ta shiga rim ɗin 700C na kekunan biyu, domin nata rim ɗin milimita 635 ne, kuma ta keken dutse mai lamba 26 ta yi ƙanƙanta nesa. Firem na ƙarfe in ya tsage mai walda zai iya ceto shi, na kabon kuwa yana iya ɓoye tsaguwa a ƙarƙashin fenti bayan faɗuwar da mai shi na farko bai faɗa wa kowa ba. Birkin faifai mai aiki da waya kowane mai gyaran keke zai gane kansa, mai aiki da mai kuwa yana bukatar nasa man da nasa kayan aiki. Hannun birkin da ke haɗe da na canza giya, wanda Shimano ta fito da shi a 1990, shi ne mafi tsadar abin da kan lalace a tsohon keke, don haka a ɗaga ƙafar baya a juya feda a bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, sama da ƙasa, kafin a biya. Sannan a tsuguna a duba wurare uku: ƙarƙashin kan fok, da inda sandunan sama na baya suka haɗu, da bayan gindin feda inda taya ke wucewa tsakanin sanduna biyu na ƙasa, wanda yawanci shi ne mafi matsi. A zura fensir tsakanin tayar da ke kai da firem a kowane wuri. In fensirin ya ƙi shiga alhali tayar 25 ce a kai, ba za a taɓa iya sa wadda ta fi ta ba, kome sunan da aka rubuta a jikin keken. In ya shiga yana lilo, kuma akwai ƙananan ramukan noti kusa da inda ƙafafun ke ɗaure, sai a koma kan girman firem, a tsaya a kansa ƙafa biyu a ƙasa a tabbatar sandar sama ba ta taɓa jiki, domin keken kuros yakan ɗan fi na kwalta mai lamba ɗaya da shi tsawo.